Turakun Alƙibla a Tarauni

Ni magini ne, kuma aikina yana da tsari: da farko awo, sannan tushe, sannan tubali. Ban taɓa sauya wannan jeri ba.

Shekaru kaɗan kafin a sami mulkin kai, dattawan Tarauni suka ba ni ginin ƙaramin masallaci. Lokacin gonaki sun fi gidaje yawa a wajen. Da farkon damina na taso daga Gyadi-Gyadi da sassafe, na tsaya a filin, na jira rana ta ɓullo, na kafa turke daidai inda ta fito don shaidar alƙibla, kamar yadda maigidana a sana'a ya koya mini. Sai noma ya ɗauke ma'aikata, aiki ya tsaya.

Bayan kaka na dawo da igiya zan ja layin tushe. Rana ta fito can dama da turkena, nesa ƙwarai. Na fara zargin yara, amma turken bai motsa ba, har gara ta ci gindinsa. Na kafa na biyu. Bayan mako biyu rana ta sake gocewa, na kafa na uku.

Na tambayi liman. Ya ce rana tana da mafita da yawa, duk malamai sun sani, in yi gini kawai. Na ce a kan wanne turke? Ya yi dariya.

“Malam, masallaci muka ce ka gina mana, ba garken awaki ba.”

Akwai wani Kirista mutumin Kudu, ma'aikacin safiyo, da ke auna filaye kusa da mu. Ya ɗauki lemon zaƙi ya karkata shi, ya zagaya da shi gefen tulu, ya ce lemon ne ƙasa, tulun ne rana, kuma rana ba ta tafiya, mu ne muke tafiya. Na dubi ƙafafuna. Na ce idan ƙasa na tafiya, Makka ma tafiya take yi ke nan? Ya ce e, tare da mu. Na ƙara rikicewa.

Na ƙi aza tubali ko ɗaya, don sallar mutane ce a wuyana. Dattawa suka jira har suka gaji, suka kira wani magini. Shi bai dubi sama ba. Ya je ya kalli tsohon masallacin Gyadi-Gyadi, ya dawo ya ja layinsa da ƙafa.

Na sha yin sallah a cikin masallacin da ya gina. Inda liman ya fuskanta nake fuskanta, kuma har yau ban san ko daidai ne ba.