Ranar da Ummi ta Juya Kwalekwale

Ko da tsufa zai zo ya kwashe mini tunani ɗaya bayan ɗaya, na san akwai yini guda da zai zama na ƙarshen fita daga kaina. Shi ne ranar da na shiga kwalekwale da mahaifiyata a wani tsibiri na ƙasar Malesiya, ina ganin ni ce mai kula da ita.

A Makka aka haife ni, a unguwar Utaibiyya, a wani gida mai hawa huɗu da ke manne da dutse. Ni ce auta. Abin da na sani game da Ummi bai taka kara ya karya ba. Na san daga wajen Yawuri take, ta zo aikin hajji tare da kawunta tana 'yar shekara goma sha biyar, ba ta koma ba. Ta auri babanmu, direban bas a tashar Kudai, ta haife mu mu biyar. Mu yi mata Larabci, ita ta amsa mana da Hausarta ta mutanen yamma, har mukan kwaikwaye ta muna dariya. A wurina rayuwarta daga ranar da ta sauka Jidda ta fara. Abin da ya gabaci wannan bai taɓa zuwa mini a rai ba.

Da babanmu ya rasu, Ummi ta yi takaba ta gama, amma ba ta fita ba. Wata ya bi wata. Matar da ba ta yarda Juma'a ta wuce ta ba ta je Harami ba, sai ga ta zaune bakin taga daga safe har la'asar, tana kallon bangon gidan makwabta. In an yi magana ta ce gwiwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na auna ta ciki da waje, sukari lafiya, jini lafiya. Amma abinci sai ta tsakura ta ture, zobenta har ya fara zamewa daga yatsa. Likitan da nake aiki da shi ya duba takardunta ya ce mini ba magani take buƙata ba, mu fitar da ita daga ɗakin nan.

Babban yayanmu ne ya kawo shawarar tafiya. Ya ce ya ɗauki hutu, zai je wani tsibiri da matarsa, mu zo mu tafi tare. Na zata za a sha fama da Ummi. Sai kawai ta ce, "Duk yadda kunka ce." Wannan amsa ta fi ƙi tayar mini da hankali, don Ummin da na sani ba ta yarda da abu ba tare da ta ja ba.

Wanda ya tashi cikin duwatsun Makka, ranar da ya fara ganin irin wannan tsibiri sai idonsa ya gaji da kore. Bishiya a kan bishiya, kwakwa har bakin ruwa, birai suna zaune a gefen hanya kamar masu jiran mota. A bakin tekun akwai rumfuna na masu shirya wa baƙi wasanni. Ga babur ɗin ruwa, ga wata babbar lema da jirgi ke ja ta tashi da mutum sama, ga nutso da gilashi a fuska don kallon kifi, ga igiyar da ake ratayawa a zame daga wannan bishiya zuwa waccan. Yaya da matarsa ba wanda suka bari. Ya dawo daga hawan lemar nan yana rantsuwa ya hango Jidda.

Ni kuwa na zama inuwar Ummi. Kada ki taka nan akwai santsi. Kada ki ci wancan ba mu san da me aka yi ba. Sa hula, sha ruwa, zauna. Kwana uku tana kan kujera ɗaya ƙarƙashin bishiya, fuskarta na kallon teku. Na lura ba kallon bangon makwabta take yi masa ba, idonta na bin ruwan yana kai da kawowa, amma ban ba abin muhimmanci ba.

Da safiyar kwana na huɗu ta ɗaga hannu ta nuna wasu ƙananan kwalekwale na roba, rawaya, da aka jera a kan yashi. Kowanne mutum biyu yake ci.

"Waɗancan hwa, ina suka zuwa?"

Na tambayo na gaya mata ana shiga da su wani rafi ne da ke cikin kurmi, inda bishiyoyi ke tsirowa a cikin ruwa, a zaga a dawo kafin azahar.

"Shi nika so," in ji ta.

"Ummi, gwiwarki fa. Kuma ba ki iya ruwa ba. Ni ma ban iya ba."

Ta dube ni. "Auta, tun da munka zo ban roƙe ki komi ba."

Shekara guda ke nan ban ji ta ce tana son wani abu ba. Ba yadda zan yi. Yaya da matarsa sun riga sun tafi hawan dutse, don haka mu biyu muka je.

Mai yi mana jagora wata mata ce 'yar tsibirin, ba za ta wuce arba'in ba, gajeriya mai ƙarfi, tana jin Larabci kaɗan-kaɗan. Da ta ji daga Makka muke sai ta riƙe hannun Ummi da hannu biyu ta kai goshinta, ta ce tana cikin layin zuwa hajji, a yi mata addu'a. Ta ɗaura mana rigar da ke hana nutsewa a kan abayoyinmu, ta ba kowa filafili mai baki biyu. Ta ce mai ƙarfi shi ke zama a baya, don shi ke juya jirgi. Ummi ta nufi baya. Na riƙe ta na ce a'a, ta zauna gaba, ta ɗora filafilin a cinya ta sha kallo, ni zan yi aikin. Ta zauna inda na ce.

Kwalekwale biyar muka fita. A cikin kurmin ruwan kwance yake kamar a faranti. Saiwoyi sun fito sun yi tsaye cikin laka, ƙananan ƙaguwa na hawa suna sauka, gaggafa na shawagi a sama. Ni dai ban ga rabin wannan ba, ina ta fama. In na tuƙa dama mu nufi hagu, in na gyara mu shige cikin saiwa. Sau biyu Ummi ta sa tafin hannu a ruwa ta bar shi yana ja, sai in ga mun miƙe. Na ɗauka wasa take yi da ruwan, har na ce ta cire hannu kada wani abu ya cije ta.

A hanyar dawowa ne abin ya faru. Sai an fito bakin rafin, an bi gefen teku kaɗan kafin a kai inda muka taso. Mu ne na ƙarshe saboda rashin iyawata. Ummi ta ɗaga kai ta dubi gabas ta ce, "Ruwa na tahe. Kuma wanga rahi ya soma janyewa." Kafin in gama cewa ai rana ake yi, iska ta bugo. Cikin ɗan lokaci sama ta yi baƙi, ruwa ya sauko kamar ana juye bokiti. Can gaba kwalekwalen wasu baƙi biyu ya kife, jagorarmu ta yi kansu. Ta juyo ta yi mana alama da hannu mu matsa gefe, amma ruwan da ke fita daga rafin ya riga ya ɗauke mu ya nufi tsakiyar teku da mu.

Na tuƙa da iya ƙarfina ina son komawa baya. Igiyar ruwa ta bugo mu ta gefe, na saki filafilin na riƙe bakin kwalekwalen da hannu biyu. Ina kallo ya tafi. Gaɓa ta ɓace a cikin ruwan sama. Ni da na saba tsayawa a kan mara lafiya jini na zuba ban razana ba, sai ga ni ina kuka ina salati, abin da ke raina kawai shi ne na kawo uwata ƙasar mutane na kashe ta.

Sai na ga Ummi ta tattare abayarta ta cusa a ƙugu. A hankali, ba tare da jirgin ya karkata ba, ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni, ta durƙusa a kan gwiwoyin nan da ta shekara tana ce mana ba sa lanƙwasuwa. Ta riƙe filafilin ta yadda ba a koya mana ba, ta gefe guda, hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Da juyowar nan tata, inda take ya zama baya, inda nake ya zama gaba.

"Tuɓe takalminki ki kwalhe ruwan da ya shigo," in ji ta. Muryarta ko rawa babu. "Kar ki dubi teku. Ni za ki duba."

"Ummi, mu koma baya."

"Ba a gardama da ruwa mai hita. Yanke shi a kai. Kwalhe."

Na yi ta kwalfewa da takalmi, ina kallonta, tun da ba abin da ke gabana sai ita. Wannan fuska ban taɓa ganinta ba. Ruwa na zuba a kanta, mayafi ya manne, idonta a ƙanƙance yana karanta igiyoyin da ke bayana. In babba ta taso sai ta juya hancin jirgin ta tare ta, mu hau mu sauka, sannan ta soka filafilin sau uku huɗu da ƙarfi ta karkata mu gefe. Tana yi tana wani ƙirge a ƙarƙashin numfashi, cikin wani harshe da ba Hausa ba, ba Larabci ba. Kuma wallahi, a tsakiyar wannan tashin hankali, na ga gefen bakinta ya motsa. Murmushi take yi.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai ji iskar ta ragu farat ɗaya, ashe ta shigar da mu bayan wani ƙaton dutse da ke tsaye cikin ruwa. Ta kai mu jikin wata saiwa da ta sauko daga dutsen, ta kwance igiyar hancin jirgin ta ɗaure da ƙulli guda, ta zauna tana haki. A nan jirgi mai inji ya same mu bayan ruwan ya tsagaita, jagorarmu na tsaye a gaba, fuskarta duk ta sauya. Ta dubi ƙullin, ta dubi Ummi, ta tambaye ni da Larabcinta, "Mamarki masunciya ce?"

Na buɗe baki in ce a'a, sai na ga ban san amsar ba.

Da la'asar, bayan Yaya ya gama faɗansa ya gama kukansa, muna zaune a baranda ina shafa mata man zafi a gwiwa, na tambaye ta. Ta ce a kan gungu aka haife ta, wato tsibiri a tsakiyar kogin Kwara. Babanta masunci ne, bai sami ɗa namiji ba sai daga baya, don haka ita ya koya wa jirgi. Tana 'yar shekara tara take haye kogi da albasa ranar kasuwa. Ta san inda dorina ke kwana, ta san launin ruwa in akwai dutse a ƙasa. Ƙirgen da na ji tana yi na mutanen gungunsu ne, da shi suke haɗa hannu in suna tuƙi.

"Shekara hamsin ban taɓa hilahili ba," in ji ta. "Na zaci hannuna ya mance."

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mana ba?"

"Wa ya tambaye ni? Babanku kaɗai ya sani. Kuna tsammanin don ku yaka kwasarmu zuwa bakin teku Jidda duk ƙarshen wata? Ku yi ta wasanku, ni in zauna in ga ruwa." Sannan ta ƙara da cewa, "Da ya tahi, sai na ga ba sauran wanda ya san ni."

Wannan magana ta fi igiyar ruwan buga ni. Shekara talatin da biyu ina gida ɗaya da ita.

Washegari ta kasa tashi da wuri, kafaɗunta sun yi tsami, amma ta cinye farantin shinkafa da kifi har ta nemi ƙari, tana kushe yadda suka gasa shi. Kafin mu bar tsibirin sai da ta sake shiga kwalekwale, wannan karon ita da jagorar nan, su biyu, a ruwa mai kwanciya. Ina tsaye a gaɓa ina kallonsu, ba harshen da ya haɗa su sosai, amma ina jiyo dariyarsu.

Da muka koma Makka ban ce ta warke rana ɗaya ba. Akwai ranakun da kewar babanmu ke kwantar da ita har yanzu. Amma ta koma zuwa Harami, ta koma ziyarar ƙawayenta a unguwar Zahir, ta koma yi mana gardama. Ni kuma na fara zama kusa da ita bayan na taso aiki, ina tambaya da Hausata mai gargada, tana gyara mini tana ba ni labari. Na san sunayen kifaye yanzu da ban taɓa gani ba. Na san tana da ƙanwa da ta bari a gungu, mun neme ta mun samu, suna magana ta waya duk Juma'a.

Abin da wannan rana ta koya mini shi ne, mutum zai iya ƙaunar iyayensa iyakar ƙauna, ya auna musu jini, ya hana su taka santsi, amma bai san su ba. Na ɗauka kulawa ita ce in zaunar da Ummi a gaba in ce ta huta. Ashe abin da take buƙata shi ne wani ya tambaye ta wace ce ita kafin ta zama uwarmu, ya kuma tsaya ya ji amsar. Duk mai tsoho a gida, ya tambaye shi tun yana da bakin ba da labari.