Jinin Mahauci a Idona

Shekarar da na fara aikin jinya, murna ba ta bari in zauna wuri ɗaya. Tun da yamma nake goge farar rigata in rataye a bayan ƙofa, mahaifiyata tana kallona tana dariya, wai ko amarya ba ta yi wa kayan lefenta irin wannan hidimar. Da sassafe nake fita daga gidanmu a Maisandari in tari keke mai ƙafa uku, kuma ban taɓa jin hanyar ta yi mini nisa ba. Sauran sababbin ma'aikata suna gudun ɗakin 'yan hatsari, ni kuwa shi na roƙa, aka ba ni. A can ne ake gudu, a can ne ake ganin mutum ya zo rai a hannun Allah, ya koma gida da ƙafarsa.

Shugabarmu a ɗakin wata babbar sista ce 'yar kudancin Borno, Kirista, doguwa mai kaurin murya. Kowa Mama yake ce mata, har likitoci. Ranar da na fara ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yata, duk jinin da kika gani a ɗakin nan, ki ɗauka akwai cuta a cikinsa, ko na liman ne ko na fasto." Na ce to. Na ji maganar, amma a lokacin daɗin muryarta ya fi shiga kunnena.

Wata rana da hantsi, cikin tsananin zafin bazara, muka ji ihu a bakin ƙofa. Keke ne ya shigo a guje, mahauta sun cika shi har suna rataye a gefe. Daga Kasuwar Shanu suke. Wani bijimi ya tsinke igiya ya soki ɗayansu a cinya, dattijo mai furfura, sun ɗaure wurin da rawani, rawanin ya jiƙe sharkaf. Na zura safar hannu, na ja takunkumi na rufe hanci da baki, muka ɗora shi a gado. Ban ji tsoro ba. Irin ranar da nake jira ke nan.

Likita ya ce in riƙe ƙafar zai kwance rawanin. Yana sassauta ƙullin, jini ya yi tsartuwa sama kamar an huda tiyo. Na ji ɗuminsa a goshina, na ji shi cikin idona na hagu. Komai ya zama ja. Ban saki ba, na danna wurin da duk ƙarfina, ido ɗaya a rufe, har likita ya kama jijiyar.

"Saki! Za a karɓe ki!" in ji Mama. Ta sa wata sista a wurina, ta ja ni zuwa famfo kamar akuyar da za a kai kasuwa. Ta tanƙwara kaina, ta buɗe idon da yatsunta, ta yi ta kwarara ruwan gishirin asibiti a ciki.

"Kar ki murza! Kin yi allurar rigakafin ciwon hanta?"

"Na yi ta farko a makaranta, Mama. Da aka zo ta biyu sai aka ce ta ƙare."

Ta ɗaure fuska, ta ci gaba da zuba ruwan. Wannan ya fi faɗanta ba ni tsoro.

Dattijon ya tsira. Da ya farfaɗo, likita ya nemi izininsa a gwada jininsa, dattijon ya ce a ɗiba ko nawa ne, ai wanda ya zubar a ƙasa ya fi haka. Aka ɗebi nawa ni ma. Ba a jima ba mai gwaji ya zo da kansa. Babu ƙanjamau, na yi hamdala. Amma akwai ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kuma shi kansa dattijon bai san yana ɗauke da ita ba. Wannan ƙwayar ta fi ta ƙanjamau saurin kama mutum. Ta tsinin allura take shiga, ko ta ɗan yanka a yatsa, ko ta ido da baki, kuma ko jini ya bushe a kan ƙarfen gado tana iya yin kwanaki da ranta. Nawa jinin kuwa ya nuna ba ni da wata kariya.

Likita ya ce akwai wata allura ta musamman da ke ba jiki kariyar aro nan take, kafin rigakafin ya kama, amma sai an yi ta da wuri. A ɗakin maganinmu babu. Nan fa ɗakin ya rikice da waya. Wannan yana kiran abokinsa, waccan tana kiran mijin yayarta mai kemis. Can wani abokin aikina, nas ne namiji, Bashuwe mai barkwanci, ya ɗaga hannu ya ce an ce akwai a wani babban shagon magani bayan Kasuwar Litinin. Ya suri ƙaramar kula, ya zuba ƙanƙara, ya ce, "Taso mu tafi, ƙanwata, yau za ki ga tuƙi."

Wannan tafiyar har yau in na tuna sai na yi dariya. Muka tari keke, muka tarar da cunkoso a bakin kasuwa, motocin hatsi sun toshe hanya, 'yan dako suna ta kai da kawowa. Abokin aikina ya leƙa ya ce wa mai keken, "Malam, wannan sistar jinin mutum ne ya shiga idonta wajen ceton ransa, magani za mu karɓo." Mai keken ya waiwayo ya dube ni, ya ce da Kanuri, "Wushe, wushe," wato sannu. Sai ya karya kan keken ya faɗa wani lungu da ban taɓa sanin akwai shi ba. Muka bi ta bayan masu atamfa, muka ratsa ta gaban wani masallaci, kaji suna tashi, mata suna janye tabarmi, shi kuwa yana ta ihu, "Asibiti! Asibiti! A ba da hanya!" Ni da ya kamata in yi kuka, sai ga ni riƙe da ƙarfen keke ina ƙyalƙyala dariya.

Shagon farko suka ce sun sayar da ta ƙarshe. Suka kwatanta mana wani. A can mai shagon ya buɗe firji, ya daɗe yana lalube, sannan ya ɗago wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsana ba. Na rungume kular nan a ƙirji har muka koma. Mama tana tsaye a bakin ƙofa. Ita da kanta ta yi mini allurar, ta ƙara da ta rigakafi a ɗaya hannun, sannan ta ɗan dungure mini kai.

"Kin riƙe jijiyar nan da kyau," ta ce. "Gobe kuma da tabarau za ki riƙe ta."

A gida na so in ɓoye, amma idon ya yi ja, mahaifiyata kuwa ba a yi mata ɓoyo. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "To, mutumin ya rayu?" Na ce ya rayu. Ta ce, "Allah ba zai bar ki ba." Duk da haka, watannin da suka biyo baya kullum da safe sai ta kira ni tsakar gida, ta ja fatar idona ƙasa ta duba ko ya yi ruwan ɗorawa, alamar ciwon hanta. Ni ma ina dubawa a madubi in ba ta kusa.

Dattijon da ya ji abin da ya faru, ya sa aka kira ni bakin gadonsa. "'Yata, ni na jawo miki wannan?" Na ce, "A'a Baba, bijimin ne." Ya yi dariya har ɗinkin ya yi masa zafi. Na yi masa bayanin cutar, na ce ana iya kula da shi, kuma ya kamata a gwada iyalinsa. Bayan an sallame shi sai ga shi ya dawo yana ɗingishi, da iyalinsa gaba ɗaya, har da abokan sana'arsa da suke musayar wuƙa suna yankewa tare. Suka cika benci suna gardamar wanda zai fara.

Na ƙarasa allurai a kan lokacinsu. Ranar gwajin ƙarshe, mai gwajin ya fito yana ɓata fuska da gangan, sai da ya ga na dafa bango sannan ya washe baki. Babu cutar, kuma jikina ya yi kariya mai ƙarfi. Na ruga a guje ta barandar asibiti, hula a hannu, na faɗa jikin Mama a gaban marasa lafiya. Tana cewa, "Ke, sake ni, ana kallonmu," amma ita ma ta ƙi sakina.

A ranar ne ta ce in zo mu zaga asibitin. Muka shiga ɗakin haihuwa, inda ungozomomi ke wuni cikin jini. Muka je wurin mata masu wankin zanen gado, waɗanda sukan tsinci allura a naɗe cikin zane. Muka tambayi masu shara, da masu tura gado, da masu wankan gawa. Da yawansu ba su taɓa jin cewa akwai rigakafin ba. Mama ta ɗauki maganar ta kai sama, ta yi ta naci, ni kuma duk inda aka zauna sai a ce in ba da labarin idona. Na ba da shi har na ƙware, ina kwaikwayon mai keke da kajinsa.

Daga ƙarshe aka amince a yi wa kowa rigakafin. Da allurar ta iso, a ƙarƙashin darbejiyar tsakar asibiti muka kafa tebur, ni aka ba sirinji. Layi ya yi tsawo, likita a bayan mai shara, ana ta tsokanar juna. Wani ƙaton mai tura gado, wanda shi kaɗai yake ɗaga babban mutum, yana zuwa gabana ya ga tsinin allura sai ya ce ya tuna an aike shi. Matan wanki suka tare hanya, suka kamo shi suka zaunar, ɗaya ta rufe masa ido da mayafinta. Yana ta salati yana cewa in yi a hankali.

Na ce, "Yaya, ai na gama tun ɗazu. Tashi ka ba na bayanka wuri."