Muntaka, Wanda Ya Yi wa Madubi Mazauni

Kullum bayan asuba Muntaka yakan buɗe rumfarsa ta gyaran babura a bakin kasuwar Isa, ya baje sufanu a kan buhu, ya fara da injin da ya fi taurin kai. Shekara ashirin da bakwai ke nan. 'Yan kasuwar da ke kai kaya Nijar sun shaida ɗaurinsa ba ya kwancewa a hanya.

Bara Malam Is'haƙa, malamin kimiyya, ya kawo masa madubi naɗe cikin rawani. Wata takwas ya yi yana goga gilashin da hannunsa don haɗa na'urar hangen sama. Shekara talatin yana gaya wa ɗalibai akwai ramuka a jikin wata, shi kansa bai taɓa gani ba, ga ritaya saura mako uku. Mazaunin madubin kaɗai ya rage.

Muntaka ya yanka farantin ƙarfe, ya ɗaure madubin tamau, yadda duk muke ɗaure abin da muke ji da shi. Aka sa shi cikin na'urar aka leƙa, wata ya fito dishi-dishi. Malam ya zauna daɓas, ya ce gugarsa ce ta ɓaci.

Kai ne ka ƙi yarda, Muntaka. Kwana biyu kana sallamar masu babura, kana jujjuya abin.

"Malam, laihina na," in ji ka. "Matsin ga shi ka lanƙwasa shi. Aje shi za ni yi bisa ƙahwa ukku, awa tukunya bisa murhu."

Gilashi mai kaurin yatsa biyu wai ya lanƙwasa! Ina wurin, kuma na yi dariya. Muntaka ya ciro sifirin uku daga mataccen inji, ya sa noti uku, ya manna wa kowanne guntuwar robar taya, ya ɗora madubin a kai. Tsakanin madubi da ƙarafan da ke tare gefensa ya bar tazarar takarda ɗaya.

Bayan magariba a filin makaranta Malam ya kafa ido, Muntaka na murɗa noti kaɗan-kaɗan.

"Tsaya nan!" in ji Malam.

Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, sai hawaye. Ya ce wa ɗalibansa, "Ku taho ku gani, ban yi muku ƙarya ba." Ni ma na leƙa, sai ga ramukan wata ƙiri-ƙiri. Allah mai iko!

Mun gode, Muntaka, Allah Ya saka da alheri. Masu sana'ar garin nan, in aiki ya ɓaci ku fara tuhumar hannunku kamar shi. Da ya bar laifin a kan gilashi, da Malam ya koma gida bai gani ba.