Ranar da Baturiya ta matse fatar ɗana da ƙarfe

Ina ganin likitar, wata Baturiya, ta ɗauko wani ƙarfe mai baki kamar awartakin maƙera, sai na ƙanƙame jaririna.

Zamanin Turawa ne, a asibitin Haɗeja. Daga Guri muka zo, rabin hanya a kwalekwale saboda ruwa ya cinye turba. Ɗan farina ne, ya zo ɗan mitsitsi, jikinsa kullum sanyi ƙalau.

Ta karɓe shi, ta tattaro fatar bayansa da yatsu biyu, ta maƙala ƙarfen. Yaro ya callara ƙara. Wallahi na ɗauka yanka za ta yi.

Na ce wa malamin asibitin da ke mana tafinta, "Malam, don Allah ka ce ta bar min shi haka."

Ya ce, "Kwantar da hankalinki, baiwar Allah. Kitsen da ke ƙarƙashin fata take aunawa. Shi ke hana jariri jin sanyi."

"To, nawa yana da shi?"

Ya dubi Baturiyar, ta girgiza kai, shi kuma ya sunkuyar da nasa.

Suka ce in ɗaure shi a ƙirjina cikin zane, in riƙa ba shi nono ko bai nema ba. Har muka yi arba'in ina kara kunne a hancinsa in ji ko yana numfashi.

Allah ya raya shi. Yau kansa duk furfura, jikarsa ce ma take rubuta min wannan.

Iyaye mata, wace ce a cikinku ta taɓa yi wa likita tambaya tana tsoron amsar?