Biskit ɗin Makka da na Kasuwar Ƙanƙara

Ranar da Kawu Alhaji ya dawo daga Makka, ina aji huɗu a firamaren Pauwa, gidanmu ya cika har zaure. Manya na rabon dabino da zamzam, mu yara kuwa idonmu na kan kwalin biskit mai zaƙi a tsakiya da ya zo da shi, irin wanda Baba kan sayo mana a kasuwar Ƙanƙara, suna ɗaya, hoto ɗaya. Ƙanwata Ladidi an daɗe da hana ta shi, domin duk ranar da ta ci sai jikinta ya yi rudu-rudu, ta yini tana susa. Kafin Inna ta waigo daga bakin murhu, Ladidi ta lamushe uku. Muka zuba ido har aka dawo da awaki daga kiwo, ko ƙurji ɗaya bai fito mata ba.

"Albarkar Makka ce, ɗiyar ga ta warke," in ji Inna a gaban taron mata. Ranar kasuwa Baba ya sayo namu na gida don murna, Ladidi ta ci biyu. Kafin la'asar leɓenta ya kumbura, numfashi na fita da ƙyar, aka ɗauke ta a babur zuwa asibiti. Na ce ai na Makka tsakiyarsa fara-fara ce, namu kuwa ruwan ɗorawa ne har yana rina harshe. Aka ce in rufe wa mutane baki, me yaro ya sani?

Sai da na girma na gane cewa kowace ƙasa da dokarta a kan launi da sinadaran da ake zuba wa kayan ƙwalama. Abin da wata ta hana, ko ta ce sai an rubuta gargaɗi a leda, wata ta ƙyale. Har yau abin yana ƙona mini rai. Cikin yaranmu daban ne da na yaran can?

Ladidi ta tashi daga wannan ciwon, yanzu tana Faskari da 'ya'yanta, kuma duk biskit ɗin da aka miƙa musu sai ta ɓare shi ta duba tsakiyar. Inna kuwa har ta koma ga Allah tana zargin kanta, wai ita ta jawo wa ɗiyarta baki da ta yi shelar warkewar a cikin mutane. Ina ma tana nan, in zauna kusa da ita in ce, Inna, ba ke ba ce.