Ban Kama Ka Ba, Ban Kuma Wanke Ka Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Malam Lawal, malamin lissafi a wata sakandare a nan Daura, mutumin da ya kusa ɗinke mini baki.

A majalisarmu ta wajen mai shayi, kusa da Kusugu, na taɓa bugun ƙirji na ce ƙungiyar ƙwallon unguwarmu, tun kafuwarta, in aka haɗa aka raba, ƙwallo uku take ci a kowane wasa. Alhaji Bala, dillalin shanu daga Mashi, ya rantse ƙarya ce. Majalisa ta yanke hukunci: in Malam ya ƙaryata ni, ni da maganar ƙwallo har abada. Ni kuwa gara a hana ni tuwo.

Malam ya ce ba za a bi kowane wasa ba, kaɗan za a ɗiba a ɗanɗana, kamar miya. Na fara jero wasannin da muka lallasa 'yan Dutsi. Ya ce, "A'a, Ɗanjuma, ba kai za ka zaɓa ba." Ya rubuta wasannin a 'yan takardu, ya zuba a hularsa, aka ja ido rufe, tsofaffin 'yan wasa suka faɗi yadda aka tashi a kowane.

Matsakaicin ya fito ƙasa da uku kaɗan. Gumin da na yi ranar ya isa ban ruwan gonar albasa. Alhaji Bala har ya fara tafi, sai Malam ya ce a dakata. Ya ce an fara ne da ɗaukar maganata a matsayin gaskiya, kuma ko da ukun ne, sa'ar jan takarda kaɗai tana iya kawo ɗan wannan giɓi. Bai kai a ƙaryata mutum ba.

Na miƙe ina shelar Malam ya gaskata ni. Ya jawo rigata. "Zauna. Ban ce gaskiya ka faɗa ba. Cewa na yi ban kama ka ba."

Da yana raye ya ga yadda yau ake duba wasa biyu a waya a naɗa gwarzon duniya, da ciwon kai ya kwantar da shi.

Bai bar gida na a zo a gani ba. Ɗalibai ya bari, yanzu duk magidanta, kuma kowace majalisa na je sai na tarar da ɗaya. Ina buɗe baki zai ce, "Kawu, wasa nawa ka duba, wa kuma ya zaɓo su?" Sai in kurɓi shayina in yi wa Malam addu'a. Allah ya jiƙanka, Lawal, ka tafi ka bar ni a hannun masu gadi.