Darbejiyar Baffa Buba a Kan Madatsa

Har in koma ga Allah ba na jin zan manta ranar da aka tura ni sare bishiyoyin Baffa Buba. Ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu ku saurara, don wata rana ku ma za a yi muku irin wannan aiken.

Lokacin ina jami'i mai duba ƙananan madatsun ruwa, a ƙarƙashin injiniyan shiyya. Mutanen ƙauye Injiniya suke ce mini, ni kuwa ban taɓa wahalar da kaina wajen gyara musu ba. Aikina shi ne kafin kowace damina in zaga madatsun da ke ƙauyukan saman Gombe. Ga wanda bai sani ba, irin wannan madatsa ba ta siminti ba ce. Laka ake jibgewa a tare bakin kwari, a daddanne ta hawa-hawa, a bar wa ruwa mafita a gefe. Sai ta riƙe ruwan sama ta riƙa sakinsa a hankali, maimakon ya gangaro gari gaba ɗaya. Duk wanda ya zauna unguwar Shamaki ko Jekadafari a cikin Gombe ya san abin da kwari ke yi in ya cika.

Dokarmu ta farko ita ce ba a barin bishiya a jikin madatsa. Saiwa tana ratsa ƙasa neman ruwa, ruwa kuma ya biyo ta. Da haka ƙaramar kafa ke zama rami, rami ya zama ɓaraka.

A shekarar aka ƙara mini wata madatsa da aka daɗe ba a leƙa ba. Na isa ana gab da ruwan farko, sai na tarar da darbejiya jere a kanta, kowace ta fi ɗaki tsayi, ƙarƙashinsu an share tas. Na sauka ta bayanta, na ga ciyawa kore shar a tsakiyar rani, ruwa na tsattsafowa da ɗan laka a cikinsa. Ruwa mai laka kuwa yana nufin madatsar ce ke narkewa daga ciki.

Da na kai rahoto, injiniya bai ja magana ba. Ya ce, "A sare su, a tone saiwar, a cike da laka kafin ruwa ya sauka. Kada ka dawo mini da labari."

Na koma da leburori da injin yanka, na fara sauka wurin Jauro, mai garin. Ya ji bayanina, sannan ya ce, "Injiniya, ka san wanda ya shuka su?"

Ya ce wani dattijo ne, Buba. Kafin a yi madatsar, matarsa Dija ta kai nono Gombe, tana dawowa ruwa ya same ta a tsakiyar kwari, alhali ko ɗigo ba a yi a wurin ba, daga sama ya taho. An bi kwarin har ƙarshensa ba a ga ko mayafinta ba. Sallah aka yi mata ba gawa. Da aka gama madatsar, Buba ya ji ana ta shela a rediyo cewa bishiya na riƙe ƙasa. Shi ne ya shuka su, ya yi ta jido musu ruwa a ka, don ya ƙarfafa abin da zai hana ruwa cin wani, ladan kuma ya kai wa Dija.

Shelar nan mu ma'aikata ne muka yi ta da bakinmu, kuma gaskiya ce a ko'ina ban da kan madatsa.

Na sami Baffa Buba a inuwar bishiyoyin. Bayan mun gaisa na ce, "Baffa, zo in nuna maka wani abu." Muka sauka wurin tsattsafon, na tona da hannu har na kamo saiwa, ruwa na bin jikinta. Ya tsuguna ya taɓa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Ashe ni nake ɓata ta," in ji shi.

"Ba ka sani ba ne, Baffa. Ba a gaya maka ba."

"In ta fashe, ina ruwan zai bi?"

"Hanyarsa ta da. Ta kwarin nan har cikin gari."

Ya miƙe ya kakkaɓe hannu. Ya ce, "Yau kam ku bar injinku a mota. Ku dawo gobe."

Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga umarnin da aka ba ni, amma na kasa ce masa a'a. Na dawo gida raina a jagule.

Washegari muka tarar ya riga mu da gatarinsa, bishiyar farko tana ƙasa. Ya bar mana sauran, sai dai ya tsaya kan masu yanka, yana auna kowane reshe da kamun hannunsa, duk tsayi ɗaya. Na zaci na girki yake tarawa. Da aka gama ya ce, "Injiniya, alfarma ɗaya. Ka kai mini su maƙabarta. Ita ba ta samu itace a kanta ba. Bari wasu su samu, ladan ya je mata."

Sai a lokacin na gane awon itacen rufe kabari yake yi. Na juya baya kamar ina duba mota, don kada leburori su ga idona.

Ƙa'ida ta hana ɗaukar kayan wani a motar ofis, saboda haka na kira injiniya na gaya masa komai. Sai ya ce, "In sawu ɗaya bai isa ba, ka yi biyu."

Muka tone saiwar, muka cike da laka, muka dasa jema, ciyawar da ke riƙe ƙasa ba ta huda madatsa. Baffa Buba ne ya karɓi ban ruwanta. Damina ta zo da ƙarfi, madatsar ta tsaya.

Abin da na koya shi ne, doka tana gaya maka abin da za ka cire, amma ba ta gaya maka wanda ya sa shi a wurin ba, ko dalilinsa. Ku tambaya tukuna. Aikin dai za a yi shi, sai dai mutanen nan in suka taɓa gaskiya da hannunsu, sukan riga ka ɗaukar gatari. Ni kam har yau, duk jana'izar da na je na ga ana jera itacen darbejiya, sai na yi wa Dija addu'a, matar da ban taɓa gani ba.